Ɗakin Ɗaukar Sauti A Matsayin Kayan Kiɗa: Tarken Faifan Sgt. Pepper Na 1967 Da Tasirinsa A Kan Rok Na Ci Gaba

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan karin magana ya ginu ne a kan wata fahimta wadda ta daɗe tana yi wa nazarin waƙa jagora a wajenmu, wato cewa asalin waƙa shi ne lokacin da makaɗi ya tsaya gaban jama'a da 'yan amshinsa da kayan kiɗansa ya rera ta, abin da kuwa aka ɗauka a faifai ko kaset inuwa ce kurum ta wancan asali. Manazarcin da ya sami waƙa guda ta Alhaji Mamman Shata a kaset uku ya san zai tarar da ƙari a nan da ragi a can, kuma ba zai ce wa ɗaya daga cikinsu ita kaɗai ce waƙar ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wani faifai da ya juya wannan fahimta a ƙasashen Turai, wato Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda ya fito a ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni na 1967. Waƙoƙin da ke cikinsa ba su taɓa wanzuwa a wani dandali ba kafin a ɗauke su. A kan tef aka gina su, sashe bayan sashe, har ya zama faifan shi ne asali, duk wanda kuma ya rera su a dandali daga baya kwaikwayon faifan yake yi.

Za a bi tambayoyi biyu. Ta farko, mene ne ainihin sabon abin da aka yi a ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke titin Abbey Road a Landan? Ta biyu, me faifan ya gadar wa kiɗan da Turawa suka laƙaba wa suna progressive rock, wanda a nan za a riƙa kiransa rok na ci gaba? Ra'ayin da zan kare shi ne cewa an zuzuta wasu ɓangarori na faifan fiye da ƙima, an kuma yi sakaci da ɓangaren da ya fi cancantar yabo, sa'an nan abin da magadansa suka ɗauka daga gare shi ya fi kama da izini bisa ga hanyar aiki.

2.0 Halin Da Aka Yi Faifan A Ciki

Ranar 29 ga Agusta, 1966, Beatles, wato John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, suka yi wasansu na ƙarshe na yawon kiɗa a filin Candlestick Park da ke San Francisco. Ihun 'yan kallo ya riga ya kai inda su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa, ga kuma rigingimun da suka same su a Filifin da Amurka a wannan shekara. Akwai kuma wani dalili da ya fi shafar wannan nazari. Faifansu Revolver ya fito a farkon wannan wata na Agusta, amma ko waƙa ɗaya daga cikinsa ba su rera a yawon ba, don wasu daga cikinsu sun fi ƙarfin jita uku da ganga. Aikinsu ya riga ya rabu gida biyu, sai suka zaɓi ɗaki suka bar dandali. Ba su ne farkon yin haka ba, domin a fagen kiɗan gargajiyar Turai ma gwanin fiyano ɗan Kanada, Glenn Gould, ya daina wasa gaban jama'a tun 1964 ya koma ga ɗauka kaɗai.

Ranar 24 ga Nuwamba, 1966 suka koma Abbey Road tare da mai tsara musu faifai, George Martin, da injiniya Geoff Emerick, wanda a lokacin bai wuce shekara 21 ba. Ba a gama aikin ba sai 21 ga Afrilu, 1967. An ƙiyasta cewa ya ci kimanin awa 700 da kuɗi kusan fam 25,000. Don a ga nisan tafiyar, sai a tuna cewa waƙoƙi 10 na faifansu na farko, Please Please Me, a rana guda aka ɗauke su, wato 11 ga Fabrairu, 1963, kuma an ƙiyasta kuɗinsa a kan fam 400. Kamfanin EMI ya yarda da wannan kashe kuɗi ne saboda ribar da ƙungiyar ta riga ta jawo masa. Wannan batu na kuɗi da lokaci yana da muhimmanci, domin babu dabarar da za a ambata nan gaba wadda za ta yiwu ga makaɗin da aka ba awa uku ya shiga ya fita.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa faifan bai faɗo daga sama ba. Les Paul a Amurka ya riga ya nuna yadda ake ɗora sauti a kan sauti tun ƙarshen shekarun 1940. Pierre Schaeffer a Faransa ya fara haɗa kiɗa da sautukan da aka ɗauko daga rayuwar yau da kullum tun 1948, Karlheinz Stockhausen na Jamus, wanda hotonsa yana cikin taron da ke bangon Sgt. Pepper, ya faɗaɗa wannan fage. A cikin kiɗan rok kuwa, Pet Sounds na Beach Boys ya fito a Mayu 1966, Freak Out! na Frank Zappa da ƙungiyarsa ya biyo baya a Yuni. McCartney da Martin duka sun amsa cewa Pet Sounds ne ya zaburar da su.

3.0 Dabarun Ɗakin Ɗauka

3.1 Rikoda Mai Layi Huɗu

Na'urar da aka yi aikin da ita rikoda ce ƙirar Studer J37, wadda take raba faɗin tef zuwa layi huɗu, kowane layi yana ɗaukar sautinsa daban. A wancan lokaci wasu ɗakunan Amurka sun riga sun mallaki mai layi takwas, amma Beatles ba su sami yin aiki da irinta ba sai 1968. To, yaya za a yi da waƙar da ke buƙatar sassa goma ko fiye? Sai a cika layukan huɗu, a gauraya su a juye su cikin layi ɗaya ko biyu na wata rikodar, a sami sauran layukan a buɗe, a sake cika su, in ta kama a sake juyewa.

Wannan hanya tana da tsada iri biyu. Kowace juyewa tana ƙara wa tef shuu tana kuma rage tsabtar sautin. Abu na biyu, wanda ya fi girma, shi ne cewa da zarar an gauraya ganga da fiyano a layi guda, ba sauran raba su. Ke nan tilas mai aikin ya san inda waƙar za ta ƙare tun kafin ya kai tsakiyarta. A ganina a nan ne ƙarfin faifan yake. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: ƙarancin layuka ya hana tara sauti barkatai, ya tilasta a yanke shawara a kowane mataki. Alal misali, sau da yawa akan ajiye jitar bas ta McCartney sai a ƙarshe, a ba ta layinta ita kaɗai, bayan ya ji duk sauran sassan. Wannan ne ya sa a waƙoƙi irin su “With a Little Help from My Friends” da “Lovely Rita” ake jin bas ɗin yana tafiya da raujinsa na kansa kamar mawaƙi na biyu.

Ma'aikatan EMI sun ba da gudummawar da ba a cika ambata ba. Ken Townsend ne ya ƙirƙiro, a lokacin aikin Revolver, hanyar ninka murya ba tare da mawaƙi ya sake rerawa ba: a bi da muryar ta cikin rikoda ta biyu, a jinkirta ta ɗan ƙanƙanen lokaci, a mayar da ita kan ta farko, sai a ji kamar mutum biyu. Shi ne kuma ya haɗa na'urar da ta sa aka iya jona jitar bas kai tsaye da teburin haɗa sauti ba tare da lasifika da makirufo a tsakani ba. Emerick kuwa ya saba wa ƙa'idar kamfanin ta nisan makirufo, ya matso da shi dab da fatar ganga da bakin ƙahonin busa.

3.2 Sauya Saurin Tef Da Yanka Shi

Duk wanda ya taɓa sauraron kaset a rikodar da batirinta ya yi sanyi ya san cewa in tef ya rage sauri murya takan yi kauri ta faɗi, in ya ƙara sauri ta yi siriri ta tashi. Abin da muke ɗauka aibi ne, shi aka mayar kayan aiki. An ƙara wa “When I'm Sixty-Four” sauri don muryar McCartney ta yi kama da ta ƙaramin saurayi.

Misali mafi bayyana shi ne “Strawberry Fields Forever”, waƙar da aka fara wannan zama da ita. An ɗauke ta iri biyu, ɗaya a hankali da jita da ganga, ɗaya kuma da sauri, a sama, da manyan gogen Turawa da ƙahoni. Lennon ya ce yana son farkon ta farko da ƙarshen ta biyu. Martin da Emerick suka ɗan ƙara wa ta farko sauri, suka rage wa ta biyu, har suka daidaita, sa'an nan aka yanka tef ɗin aka liƙa su a wajen minti ɗaya da farawa. Muryar da ake ji bayan wannan mahaɗa ba ta taɓa fitowa daga bakin Lennon da wannan kauri ba. Ita wannan waƙa da “Penny Lane” an cire su aka fitar a ƙaramin faifai a Fabrairu 1967 saboda matsin kasuwa, ba su shiga babban faifan ba, abin da Martin ya yi nadama a kansa daga baya.

A “Being for the Benefit of Mr. Kite!”, wadda Lennon ya tsamo kalmominta daga wata takardar tallar wasan dabo ta 1843, ana son a ji ƙamshin filin wasa. Martin ya tattaro tef na tsofaffin ogan na filin biki, ya sa aka yayyanka su guntu-guntu, aka watsa sama, aka tsince aka liƙa yadda suka faɗo. Wannan ita ce hanyar Schaeffer, an shigo da ita cikin waƙar da ba ta kai minti uku ba.

3.3 “A Day in the Life”

Wannan waƙa ita ce marufin faifan, kuma ita ce hujjar masu yabonsa mafi ƙarfi. Asalinta guntaye biyu ne da ba su da dangantaka: na Lennon, wanda ya samo daga labaran jarida, da na McCartney, wanda ke siffanta mutum yana gaggawar fita da safe. Da aka ɗauki gangar jikin waƙar a Janairu 1967, sai aka bar gurbi na gaɓa 24 tsakaninsu, mai yi musu hidima Mal Evans yana ƙirgawa da baki, agogon ƙararrawa ya buga a ƙarshe. Ba a san abin da za a zuba a ciki ba tukuna.

Ranar 10 ga Fabrairu aka kawo makaɗan okestira 40. Umurnin da aka ba kowannensu shi ne ya fara daga sauti mafi ƙasa na kayan kiɗansa ya hau zuwa mafi sama cikin waɗannan gaɓoɓi 24, ba tare da ya saurari na kusa da shi ba. Aka ɗauka sau da dama aka ɗora bisa juna, Townsend kuma ya ɗaure rikoda biyu su tafi tare ta hanyar wani sauti mai bugu 50 a daƙiƙa. Ranar 22 ga watan aka ƙara marufin: mutum huɗu a kan fiyano uku suka buga haɗin sauti guda lokaci ɗaya, Martin ya tallafa da hamoniyom, injiniyoyi suna ta ƙara ƙarfin ɗauka yayin da sautin ke mutuwa, har ya wuce daƙiƙa 40 ana jinsa, har motsin kujera ya shiga ciki.

Abin lura a nan shi ne dabarar ta yi wa ma'ana aiki. Waƙar tana magana a kan mutumin da ke karanta mutuwa a jarida zuciyarsa ba ta motsa ba, hargitsin okestira kuwa shi ne abin da ke tafasa ƙarƙashin wannan shiru. In an cire shi, guntayen biyu ba za su zama waƙa ɗaya ba.

4.0 Zubi Da Tsarin Faifan

An daɗe ana kiran Sgt. Pepper faifai mai jigo ɗaya. Wannan magana tana buƙatar gyara. McCartney ne ya kawo shawarar, yana dawowa daga Kenya a Nuwamba 1966, cewa su saje da wata ƙungiyar busa ta ƙage don su kuɓuta daga sunan Beatles. Amma cikin waƙoƙi 13 na faifan, wannan ƙage yana bayyana ne a mabuɗi, da waƙar da ke bi masa, da maimaicin mabuɗin dab da ƙarshe. Sauran 10 kowace da inda ta dosa: yarinyar da ta gudu daga gidan iyayenta, mai rubuta tarar motoci, tsufa, da wa'azin Harrison na falsafar Hindu a “Within You Without You”, wadda makaɗan Indiya mazauna Landan suka kaɗa da tabla da dilruba da tambura, babu ɗan Beatles ko ɗaya a ciki sai shi. Lennon da kansa ya faɗa a 1980 cewa waƙoƙinsa na ciki ba su da wata alaƙa da wannan ƙage.

To, me ya sa mai sauraro ke jin faifan kamar abu guda? Amsar tana cikin zubi. An taƙaita shirun da aka saba bari tsakanin waƙoƙi, a wasu wurare ma an shigar da ƙarshen wata cikin farkon wata, kamar inda kukan kaza a ƙarshen “Good Morning Good Morning” ya rikiɗe ya zama ƙarar jita. An sa hayaniyar 'yan kallo ta ƙage a mabuɗi da maimaicinsa. Ba a fitar da ko waƙa ɗaya daga ciki a ƙaramin faifai ba a wannan shekara, saboda haka mai so sai ya sayi duka. Bangon da Peter Blake da Jann Haworth suka tsara, da buga kalmomin waƙoƙin a bayansa, sun sa mai saye ya zauna da faifan kamar yadda ake zama da littafi. Haɗin kan faifan ke nan na tsari ne da ɗinki, jigon kuwa riga ce aka yafa masa.

5.0 Tasiri A Kan Rok Na Ci Gaba

5.1 Abin Da Aka Gada

Faifan ya yi mako 27 a saman jerin ciniki a Birtaniya, mako 15 a Amurka, a 1968 kuma ya sami lambar Grammy huɗu, har da ta faifan shekara, karo na farko ke nan da faifan rok ya same ta. Darasin da kamfanoni suka ɗauka a fili yake: matasa za su sayi babban faifai mai wuyar sha'ani, a kuma ci riba. Daga nan aka fara sakar wa ƙananan ƙungiyoyi mara a ɗakin ɗauka. A 1969 manyan kamfanoni suka buɗe rassa na musamman don irin wannan kiɗa, EMI ta kafa Harvest, Philips ta kafa Vertigo.

Ana iya bin sawun. Pink Floyd suna ɗaukar faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, a wani ɗaki na Abbey Road a daidai wannan lokaci, ƙarƙashin Norman Smith, tsohon injiniyan Beatles. A Nuwamba 1967 Moody Blues suka fitar da Days of Future Passed, wanda ya bi yini guda daga asuba zuwa dare da rakiyar okestira. A 1968 Procol Harum suka yi waƙa mai sassa da yawa wadda ta kai minti 17. A Oktoba 1969 King Crimson suka fitar da In the Court of the Crimson King, wanda galibin manazarta ke ɗauka shi ne cikakken mafarin wannan reshe, kuma jagoransu Robert Fripp ya sha faɗin yadda jin “A Day in the Life” a rediyo ya sauya masa alƙibla. A 1972 Yes suka yi Close to the Edge, inda waƙar da ta ba faifan suna ta wuce minti 18, an kuma gina ta ne guntu-guntu, injiniya Eddy Offord yana yankawa yana liƙawa. A Maris 1973 The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya fito daga Abbey Road a kan layi 16, da injiniya Alan Parsons, wanda ya koyi aiki a zaman Beatles na ƙarshe. Ƙarar kuɗi da ta na'urar ciniki da ke buɗe waƙar “Money” zoben tef ne aka yanka aka auna, jikan abin da aka yi wa Mr. Kite.

Akwai kuma melotiron, na'ura mai kama da fiyano wadda aka ƙera a Birmingham, kowane maɓalli nata yana kunna guntun tef na goge ko sarewa na kimanin daƙiƙa 8. Ita ce ta zama tambarin Moody Blues da King Crimson da Genesis. Abin ban sha'awa shi ne waƙar Beatles da ta fi sanar da duniya ita, “Strawberry Fields Forever”, ba ta cikin Sgt. Pepper.

5.2 Inda Aka Rabu

Duk da haka, wanda ya saurari Sgt. Pepper ya bi shi da Close to the Edge zai ji bambancin ya fi kamar yawa. Na farko, tsawo. Faifan Beatles duka bai cika minti 40 ba, waƙoƙi biyu ne kawai suka wuce minti biyar, saura gajeru ne masu baiti da amshi. “Supper's Ready” ta Genesis kuwa ta kusa minti 23, Thick as a Brick na Jethro Tull waƙa ɗaya ce ta cinye fuska biyu na faifai. Na biyu, gwaninta. Beatles ba sa karanta rubutun kiɗa, Martin ne ke fassara musu abin da suke so zuwa takarda, in kuma ana buƙatar gwani sai a yi hayarsa. 'Yan rok na ci gaba irin su Keith Emerson da Rick Wakeman su da kansu ne gwanayen, kuma nuna saurin yatsu da sarƙaƙiyar kari ya zama rabin abin da suke sayarwa. Wannan gado ne na jaz da kiɗan gargajiyar Turai.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Beatles sun shiga ɗaki ne don sun bar dandali, magadansu kuwa 'yan dandali ne. King Crimson sun yi suna a wasan Hyde Park na 5 ga Yuli, 1969 kafin faifansu ya fito. Pink Floyd sun yi shekara guda suna rera The Dark Side of the Moon gaban jama'a tun farkon 1972 kafin a saki faifan. Ƙoƙarin ɗauko ɗakin gaba ɗaya a kai shi dandali shi ya haifar da motocin kaya da tarin na'urori, har a 1977 Emerson, Lake and Palmer suka fita yawo da cikakkiyar okestira, kuɗi ya gaza, suka sallame ta bayan wasanni kaɗan. Ke nan abin da Sgt. Pepper ya ba su shi ne izinin yin babban buri da kuɗin kamfani. Yadda suka yi amfani da izinin nasu ne.

6.0 Suka Da Hukunci

Tun a Yuni 1967 Richard Goldstein ya rubuta a jaridar New York Times cewa ado ya yi wa faifan yawa har ya rufe raunin waƙoƙin, ko da yake ya ware “A Day in the Life” ya yaba mata. An yi masa ca a lokacin, amma maganarsa ba ta rasa tushe ba. In aka tuɓe wa “Lovely Rita” ko “Good Morning Good Morning” kayan ɗaki, abin da ya rage bai kai waƙoƙin Rubber Soul ko Revolver ba. Zappa ya yi wa bangon faifan shaguɓe a 1968. Bob Dylan ya fitar da John Wesley Harding a Disamba 1967 da kayan kiɗa kaɗan ƙwarai. Su kansu Beatles a Janairu 1969 sun ƙudura yin faifai ba tare da ɗora sauti a kan sauti ba. Da 'yan fank suka taso a 1976 da 1977, rok na ci gaba ne suka fara nuna wa yatsa. Mujallar Rolling Stone ta sa faifan na 1 a jerinta na 2003, a na 2020 ya koma na 24.

Akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi. Kiɗan rok ya samo asali ne daga kiɗan baƙar fatar Amurka, mai kari da rawa da amsa-kira. Yabon da masana suka yi wa Sgt. Pepper, cewa yanzu ne rok ya zama fasaha, yana ɗauke da zaton cewa kiɗa ba ya girma sai ya kusanci okestirar Turai ya nisanci rawa. Laifin wannan zato ya fi rataya a wuyan masu yabon, amma rok na ci gaba ya gina gidansa a kai.

Hukuncina shi ne a raba abu biyu. Ta fuskar waƙoƙi ɗaiɗai, faifan yana da tudu da kwari, kuma ba shi ne mafi kyawun aikin Beatles ba. Ta fuskar ƙirƙira, mafi yawan dabarunsa an riga shi, wasu ma su da kansu suka riga kansu a “Tomorrow Never Knows” ta Afrilu 1966. Cancantarsa ita ce ya tattara waɗannan dabaru ya sa su bauta wa gajeriyar waƙa wadda kowa zai iya riƙewa, ya kuma kai su gidajen miliyoyin mutane.

7.0 Kammalawa

An ga yadda barin dandali da samun lokaci da kuɗi suka ba Beatles damar mayar da rikoda kayan kiɗa, da yadda ƙarancin layi huɗu ya zama horo gare su. An ga cewa haɗin kan faifan na zubi ne, sa'an nan rok na ci gaba ya gaji burinsa da kasuwar da ya buɗe, amma ya ɗauko tsawo da gwaninta daga wasu wurare.

Saura tambayar da aka fara da ita. Ko shi faifan ba matani ɗaya gare shi ba: akwai haɗin lasifika ɗaya na 1967, wanda su Beatles suka zauna aka yi a gabansu, akwai na lasifika biyu da aka yi cikin ɗan lokaci, ga kuma sabon haɗin da Giles Martin, ɗan George Martin, ya yi a 2017 daga tef na asali. Wanne ne waƙar? Wane ne kuma mai ita, tunda hannun Martin da Emerick da Townsend yana cikin abin da kunne ke ji? Wannan tambaya ta iso gare mu. Tun daga shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa a ɗaki ake gina su, da fiyano da kwamfuta, murya daban kiɗa daban, alhali ma'aunan da muke tarkensu da su an yanka su ne don makaɗin da ke tsaye gaban jama'a. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ina ba da shawarar mazhabobinmu na nazarin waƙa su buɗe babi ga mai haɗa sauti da aikinsa, a riƙa tambayar yadda aka ɗauki waƙa kamar yadda ake tambayar wanda ya rera ta. Ina fata mahalarta wannan taro za su tofa albarkacin bakinsu a kan haka.